Yadda Ake Jagorantar Taro a Wurin Aiki Har a Tashi da Matsaya

Tambayar da ta fi yawa a saƙonnin da ake turo mini ita ce ta waɗanda shugabanci ya faɗo wa ba shiri: malamin da aka wayi gari an ba shi hedimasta, ma'aikaciyar jinya da aka damƙa wa riƙon sashe, yaron da maigida ya buɗe wa reshen shago a Kofar Kaura cikin birnin Katsina ya haɗa shi da ma'aikata shida. Kukansu iri ɗaya ne. Sun kira taro, an zauna tun hantsi har aka kira azahar, an yi jawabai, an sha lemo, an watse, bayan wata guda kuma aka sake zama a kan maganar nan dai. Aikin mai jagorantar taro shi ne ya tabbatar kowane batu ya fita daga ɗakin da abu uku: abin da aka yanke, sunan wanda zai yi shi, da ranar da zai gama. Duk matakan da ke ƙasa wannan suke yi wa hidima.

Mataki na 1: Auna ko zaman ya cancanta

Kafin ka sa sakatare ya buga takardar gayyata, rubuta a layi ɗaya abin da kake so a yanke kafin a tashi. In layin ya ƙi rubutuwa, lokacin taron bai yi ba. In sanarwa ce kawai, kamar canjin lokacin tashi ko zuwan baƙi daga ma'aikata, ka liƙa ta a allo ka tura ta a zauren WhatsApp na ofis.

Zama yana cin kuɗi ko da ba a sayi ruwa ba. Wata yana da kwanakin aiki kamar 22, awa 8 kowace rana, jimla awa 176. Wanda ke ɗaukar naira 176,000 a wata, awarsa guda naira 1,000 ke nan. Ka tara irinsa 20 ka riƙe su awa 3, naira 60,000 ta tafi. Ko wanda ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, awarsa ta kusa naira 400. Wannan ban da mutanen da ke zaune a benci a waje da fayil a hannu suna jiran sa hannu, da ajin da aka bar wa monita.

*Hattara:* kada ka tara mutum talatin ka yi musu faɗa a kan laifin mutum biyu. Masu makarar sun san kansu, kai ma ka san su. Kira su ofis ɗaya bayan ɗaya. Faɗan gayya yana ɓata wa masu ƙoƙari rai, mai laifin kuma ya ɓuya a cikin jama'a.

Mataki na 2: Rubuta ajanda

Ajandar da aka saba gani ita ce: addu'a, jawabin shugaba, batun janareta, sauran batutuwa. "Batun janareta" bai gaya wa kowa abin da zai zo da shi ba. Mayar da kowane batu tambaya, ka sa sunan mai gabatarwa da mintocin da aka ware:

"Tsohon janareta za mu gyara, ko sola za mu sa wa ofishin rajista? Akanta zai kawo farashin kowanne. Minti 20."

Da wannan akanta ya san sai ya leƙa kasuwa kafin ranar, sauran kuma sun san zaɓi biyu ne a gabansu. Batu uku ko huɗu sun ishi zaman awa guda. Mafi nauyi shi za ka sa a farko, lokacin da kawuna suke a sake. In ka bar shi ƙarshe za a yanke shi a tsaye, wasu sun riga sun nannaɗe hannun riga za su alwala.

*Hattara:* "sauran batutuwa" ita ce ƙofar da taron awa guda ke bi ya zama na awa uku. In ba za ka iya cire ta ba, ka sa sharaɗi: mai magana ya miƙa wa sakatare ita a rubuce kafin a zauna, kuma abin da ke bukatar kuɗi ko dogon nazari sai zama na gaba.

Mataki na 3: Zaɓi waɗanda za su zauna

Mutum iri uku ake bukata: mai ikon yanke magana, mai bayanin da za a dogara da shi, da wanda aikin zai faɗa hannunsa. Na ukun ake yawan mantawa. A zauna kan tsarin fitar motocin ofis ba direba ko ɗaya a ɗakin, ko a yanke yadda za a riƙa fitar da kaya ba a kira mai kula da sito ba. Zaman yanke shawara ya fi tafiya daidai da mutum biyar zuwa takwas. Da sun haura goma sha biyar, mutum uku ne za su yi ta magana, sauran suna latsa waya.

A wurinmu rashin gayyata ana iya ɗaukarsa raini, don haka kada ka bari babba ya ji labarin zaman a bakin masinja. Taka ka same shi: "Ranka ya daɗe, za mu ɗan zauna kan jadawalin aikin dare, ban so in ɗauke ka daga aikinka ba, amma zan kawo maka abin da aka tsayar." Yawanci zai sa albarka.

Haka in ka san akwai dattijon da ba ya goyon bayan abin da za a kawo, je ka ji ta bakinsa kwana ɗaya ko biyu kafin zaman. Wanda aka nemi shawararsa a ofishinsa yakan sassauta, ko ma ya nuna maka ramin da ba ka gani ba. Wanda maganar ta zo masa ba zata a gaban yaransa kuwa, kare girmansa zai tsaya yi, ko da a ransa ya san kana da gaskiya.

Mataki na 4: Rana, lokaci da sanarwa

Tsakanin ƙarfe 9 da 12 na safe ya fi, Talata zuwa Alhamis. Safiyar Litinin aiki ya taru, Juma'a kuma rabin yini ce, hankali yana masallaci. Ka rubuta lokacin farawa da na tashi duka biyu a takardar, kuma ka sa na tashi ya riga kiran azahar. Taron da aka katse don salla da wuya ya dawo da adadin da ya fita. Da azumi ka rage tsawonsa ka matso da shi safiya. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, zaman rana a ɗakin da ba wuta azabtar da mutane ne.

Ka tuna da mata masu ɗauko yara daga makaranta da masu shayarwa. Taron da aka ja har la'asar su yake fara kora, a ƙarshe a yanke abin da ya shafe su ba sa nan.

Jihar nan ta Katsina ƙananan hukumomi 34 gare ta. In za ka kira mutane zuwa Katsina daga Funtua, Malumfashi ko Daura, kada ka sa ƙarfe 8. In kuma akwai masu zuwa daga Batsari, Safana, Jibiya, Ƙanƙara ko Faskari, wajibi ne ka sallame su da rana tsaka su isa gida da haske. Babu batun da ya kai a sa ma'aikaci ya bi hanyar nan da magariba.

Sanarwar zaman ofis ta fita da kwana uku aƙalla, tare da ajanda da duk takardar da ake so a karanta. Ka sake tuni ana gobe.

*Hattara:* in kamfani ne mai rajista, dokar kamfanoni ta 2020 ta gindaya kwana 21 na sanarwa ga babban taron masu hannun jari, kwana 14 ga zaman daraktoci sai in dokokin kamfanin sun faɗi wani abu dabam. Ƙungiyoyi da kwamitoci kuma ku duba tsarin mulkinku kan adadin da dole ya hallara. Abin da aka yanke ba a cika sharaɗin nan ba, mutum ɗaya yana iya rushe shi.

Mataki na 5: Ɗaki da kayan aiki

Shiga ɗakin da kanka minti 30 kafin lokaci. Kada ka dogara da wutar kamfanin lantarki na KEDCO: a tayar da janareta a gwada, a duba mai. In za a yi amfani da majigi, a jona shi da kwamfutar da za a yi aikin da ita, a ga hoto ya fito a bango. Duk da haka ka buga muhimman shafuka a takarda, ko da mutum biyu za su duba ɗaya. Sai takardar sa hannun mahalarta, biro, agogon da kowa ke gani, da ruwa. Abinci sai in zaman zai wuce awa uku, kuma a raba shi bayan an tashi, don da ƙamshinsa ya shigo ɗaki magana ta ƙare.

Jera kujeru yadda kowa zai ga fuskar kowa. Babban teburi a sama da layukan kujeru a ƙasa tsarin bikin yaye ɗalibai ne, wanda ke layin baya ya san ba a jiran komai daga gare shi.

Kuɗin mota kuwa, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya zama abin da ba a wasa da shi. In za a biya, a faɗi nawa ne tun a takardar gayyata, a tanade shi kafin ranar. In ba za a biya ba, nan ma a faɗa, mutum ya san da shirin da zai fito.

In nisa ya yi yawa, a yi ta waya. Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, Google Meet na kyauta yana ba da awa guda ga mutum uku zuwa sama, kiran WhatsApp yana ɗaukar mutum 32. Bidiyo yana shan data, kuma inda sabis ba ƙarfi shi ke sa murya ta riƙa tsinkewa, don haka a kashe kyamara bayan gaisuwa. Kowa ya rufe makirufonsa sai zai yi magana. Shugaba ya riƙa kiran mutane da suna, domin a waya ba ka ganin wanda ya ɗaga hannu.

Mataki na 6: Buɗe taro a kan lokaci

In ka rubuta ƙarfe 10, ka fara ƙarfe 10 da waɗanda suka zo, matuƙar adadin da doka ta nema ya cika. Zama biyu na farko za a yi gunaguni. Daga na uku za ka ga mutane suna shigowa saura minti biyar. Wanda ya makara ya zauna shiru, kada a koma baya dominsa, sakatare ya ba shi bayani daga baya.

Matsalar ita ce in wanda ya makara ya girme ka a muƙami. Wannan tun kafin ranar ake warware ta: "Yallaɓai, in wani uzuri ya riƙe ka, ka yarda mu fara da ƙananan batutuwa, mu ajiye babban sai ka iso?" Da wuya ya ƙi, kai kuma ka sami izinin da zai kare ka.

Addu'a gajera. Gaisuwa ɗaya ta ishi kowa, ba sai kowane mai magana ya sake jero muƙaman da ke ɗakin ba. Sai ka faɗi layin nan da ka rubuta a mataki na farko, da lokacin tashi. A sa wayoyi a shiru, kai ne farkon kifa taka. In akwai 'yan bautar ƙasa ko wasu da ba sa jin Hausa sosai, a tsayar da harshen da za a yi magana da shi, a sa wani kusa da su yana taƙaita musu.

Abu na farko bayan buɗewa shi ne bin ayyukan da aka raba a zaman baya, suna bayan suna: an yi ko ba a yi ba. In an aika da takarda ka lura ba a karanta ba, ba da minti biyar kowa ya karanta a wurin. A kamfanin Amazon, Jeff Bezos ya mayar da wannan ƙa'ida, ana fara zama da karatun takarda shiru kafin kowa ya buɗe baki. Ya fi a yi ta muhawara a kan abin da rabin ɗakin bai gani ba.

Mataki na 7: Fito da maganar da ke cikin mutane

Nan ne aikin yake. An tarbiyyantar da mu kada mu musa wa babba a bainar jama'a, kuma tarbiyya ce mai kyau. Sai dai a ɗakin taro tana nufin da zarar ka faɗi ra'ayinka, an gama. Za ka ji "haka ne, ranka ya daɗe" daga kowane ɓangare, ka ɗauka baki ya zo ɗaya, sai an fita a taru a gindin bedi a faɗi gaskiyar da kai ba za ka ji ba sai aikin ya lalace.

Don haka kai ne na ƙarshe a magana. Gabatar da batun ba tare da an gane inda ka karkata ba. Fara da na ƙasa, ka hau zuwa manya, domin in mataimakinka ya riga ya yi magana, ƙaramin akawu ba zai saɓa masa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: mai karɓar kati a asibiti ya fi kowa sanin abin da ke sa layi ya yi tsawo.

Yadda ka yi tambaya shi ke kawo irin amsar. "Akwai mai magana?" shiru take haifarwa. "Kowa ya yarda ko?" kuma e take haifarwa. Kira mutum, ka tambaye shi abin da ya sani: "Hajiya, ke ce ke rufe rajista kullum, in muka mayar da karɓar kuɗi ta banki kawai, wa zai fi shan wahala?" Ko kuma: "Malam, in wannan tsarin zai lalace nan da wata uku, ta ina kake ganin zai fara?" Tambaya irin ta biyun tana ba mutum damar faɗin aibi ba tare da ya zama mai adawa da shugaba ba. In ka yi tambaya, ka jure shirun. Kada ka cike shi da kanka.

In batun mai zafi ne, kamar rabon alawus ko jadawalin hutu, raba ƙananan takardu kowa ya rubuta ra'ayinsa ba suna, sakatare ya tattara ya karanta. Za ka ji abin da shekara guda ba a faɗa maka ba.

*Hattara:* ranar da ƙaramin ma'aikaci ya yi ƙarfin hali ya faɗi abin da ba ka so, ɗakin gaba ɗaya fuskarka yake kallo. In ka ɓata rai ko ka yi masa gatse, ka rufe bakin kowa har ka bar kujerar. Ka gode masa, ka sa a rubuta.

Mataki na 8: Mai dogon bayani da masu rigima

Ka faɗa tun farko cewa minti biyu ne ga kowa, sai katsewar ta zama ƙa'ida, ba cin fuska ba. In dattijo ya ɗauko tarihin ofis tun zamanin tsohuwar jihar Kaduna, jira ya ja numfashi ka shiga: "Allah ya ƙara girma, Baba. In na fahimce ka, kana ganin a gyara tsohon. Sakatare, rubuta. Bari mu ji akanta." Ka girmama shi, ka kuma karɓe maganar.

Wanda ya kauce hanya, a rubuta batunsa a gefe don wani zama. In biyu suka fara kai ruwa rana, ka hana su fuskantar juna, kowa ya yi magana da kai. In ka ga tsohuwar ƙullalliya ce ta taso, dakatar da batun ka gan su a ofis.

Mataki na 9: Tsayar da magana

"Za a duba." "Za mu san abin yi." "A bar wa hukuma." Duk batun da ya ƙare da ɗaya daga cikin waɗannan zai dawo maka. In lokacin batu ya kusa cika, taƙaita abin da ka ji, ka faɗi matsayar da babbar murya, sakatare ya rubuta ya karanto ta a wurin:

"An amince a sa sola a ofishin rajista. Akanta zai kawo farashi daga wurare uku ranar Laraba mai zuwa. Shugaba zai sa hannu kafin ƙarshen wata."

Sunan mutum ɗaya ake sawa, ba "sashen kuɗi" ba. Sai ka dube shi ka tambaya: "Laraba ta yi maka?" In ya ce in sha Allahu, madalla, a rubuta Laraba a gefenta. In ya ce ba za ta yiwu ba, gara ka ji yanzu.

Ka bayyana tun farko yadda za a yanke: shawara kake nema kai ka yanke, ko rinjaye za a bi. Dukansu daidai ne. Abin da ke kashe zuciyar ma'aikata shi ne a ce musu su suke da zaɓi alhali an riga an gama magana a ofishin shugaba. In ka saɓa wa rinjaye, faɗi dalilinka.

*Hattara:* kada kafa kwamiti ya zama mafakarka duk lokacin da magana ta yi nauyi. In dole ne, mutum uku, da shugabansu, da tambaya ɗaya da za su amsa, da ranar kawo rahoto.

Mataki na 10: Rufewa

Saura minti biyar, sakatare ya karanto ayyukan da masu su da ranakunsu. A sa ranar zama na gaba. Ka tuna wa mutane abin da ba a so ya fita, musamman in an taɓa maganar wani ma'aikaci, kuma kada kowa ya naɗi murya sai da sanin ɗakin. A yi addu'ar tashi daga majalisa, a tashi a kan lokacin da aka rubuta. In an gama da wuri, a sallami mutane.

Mataki na 11: Bayan an watse

Rahoton zama ya fita cikin kwana ɗaya, in ya daɗe biyu. Shafi guda ya isa: rana, mahalarta, abin da aka yanke, wa zai yi, yaushe. Ba a bukatar "wane ya ce, wance ta ce", hasali ma rubuta sunan mai kowane ra'ayi yana sa mutane su kame baki a zama na gaba. Ka karanta kafin a raba, a aika wa waɗanda ba su zo ba da manyan da ka yi wa alkawari, a ajiye kwafi mai sa hannu a fayil.

Ana saura kwana biyu wa'adin kowane aiki ya cika, ka tuntuɓi mai shi a keɓe ka ji ko akwai abin da ya tsaya masa. Sau da yawa za ka tarar sa hannunka yake jira, ko kuɗin da ba a fitar ba. Ayyukan da suka faɗo kanka kuwa ka riga kowa gamawa, kuma a zama na gaba sakatare ya fara karanto naka kafin na sauran.